Ku Tambaya Mu Amsa: Gashin Hunturu da Karɓar Baƙi a Ƙauyukan Faransa

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Faransa, bana na fara karatu. Abokina ya gayyace ni gidan kakanninsa a ƙauye cin abincin daren Kirsimeti. Me zan tarar, me zan riƙe musu, kuma yaya zan yi da abin da ba na ci? Daga wani ɗalibi ɗan Maradi.

Wa alaikumus salam, Malam. Babban cin abincin a daren 24 ga Disamba ake yinsa, suna kiransa réveillon. Akan zauna wajen ƙarfe 8 ko 9 na dare, kuma ba abin mamaki ba ne sha biyu ta buga ana kan tebur. Kada ka riga lokacin da aka ba ka. Jinkirin minti 10 zuwa 15 ladabi ne a wurinsu, don uwargida ta samu ta kammala. Abincin bi da bi yake zuwa: 'yan abubuwan taɓa ka lashe a falo, sai na buɗe ciki kamar kifin salmon mai hayaƙi ko kawa, sai babban nama, yawanci talotalo ko dandaƙaƙƙen zakara, sai cuku, sannan kayan zaƙi. Wanda ya cika cikinsa a falo zai sha kunya a tebur.

Batun abin da ba ka ci, ka faɗa wa abokinka tun da saura mako guda, kafin a yi cefane. Ka ambaci abubuwan da sunansu, domin naman alade da barasa sukan ɓuya inda mai gida ma ba ya tunawa. Cushen da ake ɗura wa talotalo galibi da niƙaƙƙen naman alade ake haɗa shi. Hantar agwagwa da suke ji da ita akan jiƙa ta da barasa. Kek ɗin Kirsimeti sau da yawa ana shafa masa ruwan sukari mai giyar rake, na kanti kuma yakan zo da jelatin na alade, wato abin da ke sa kayan zaƙi su daskare. Idan maganar yanka ce ta dame ka, ka ce kifi ya ishe ka, ba wanda zai ga baƙonsa.

Tsaraba kuwa, kwalin cakulan mai kyau ko dabino ya wadatar. In fure ka zaɓa, ka kauce wa wanda ake kira chrysanthème, shi ne furen da suke kaiwa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba. Ka kuma sa rigar sanyi mai kauri da safa biyu. Tsofaffin gidajen ƙauye na dutse ne, ɗumin yana tattare a inda murhun itace yake, ɗakin kwana kuwa sai bargo.

Sau biyu ina gwada kek ɗin nan mai siffar gungume da Faransawa ke yi, duk lokacin da na zo naɗewa sai ya tsage. Ina kuskuren yake? Daga wata uwargida a Yamai.

Hajiya, wannan shi ne bûche de Noël. Asalinsa gungumen itace ne na gaske da ake sa wa a murhu daren Kirsimeti ya yi ta ci, daga baya masu gashin kek na Faris suka mayar da shi abin ci a ƙarshen ƙarni na 19. Tsagewarsa kusan kullum daga abu uku take zuwa: ya daɗe a wuta, ko ya yi kauri, ko an bari ya huce kafin a naɗe.

Ki ɗauki ƙwai 4, sukari giram 100, fulawa giram 100 da ɗan gishiri. Ki raba gwaiduwa da farin. Ki buga gwaiduwar da sukari har ta yi fari ta yi kauri, ki buga farin ƙwan daban har ya tsaya a jikin abin bugu. Ki tankaɗe fulawar a kan gwaiduwa, sannan ki riƙa zuba farin ƙwan kashi uku kina juyawa daga ƙasa zuwa sama a hankali. Iskar da ke cikin ƙwan ita ce kaɗai ke tayar da wannan kek, duk wadda ta tuƙa kwaɓin da ƙarfi ta kashe shi tun bai shiga wuta ba. Ki shimfiɗa takardar gashi a tire mai santimita 30 da 40, ki baza kwaɓin kada kaurinsa ya wuce santimita 1. Wuta digiri 180, minti 10 zuwa 12. Alamar ya yi ita ce ki danna da yatsa ya dawo, kalarsa ta yi ruwan zuma kaɗan. In gefensa ya fara ƙamewa, an riga an makara. Idan littafin girkinki na Faransanci ne kika ga an rubuta lamba 6 a maimakon digiri, ki ninka da 30: lamba 6 digiri 180 ke nan, lamba 7 kuma 210.

Yana fitowa ki kife shi a kan tawul mai tsabta da kika jiƙa kika matse sosai, ki ɓare takardar, ki naɗe shi tare da tawul ɗin da zafinsa. A haka zai huce, ya riƙe lanƙwasar. Bayan ya huce ki warware, ki shafa masa ruwan sukari: sukari giram 50 a ruwa mililita 100, a tafasa, a ƙara ruwan lemon zaƙi cokali 2 a madadin giyar da su suke sa wa. Wannan shafin ne ke hana shi bushewa, kada a tsallake shi.

Abin cikawa da na lulluɓewa ɗaya ne: baƙin cakulan giram 200 da kirim mai maiƙo mililita 200. Ki ɗora kirim ɗin har ya fara ƙananan kumfa, ki sauke, ki zuba a kan yankakken cakulan sau uku kina juyawa daga tsakiya. In ya tsinke, mai ya taso sama, zafi ne ya yi yawa, cokali ɗaya ko biyu na madara mai ɗumi zai haɗe shi. Ki bari ya yi kaurin da wuƙa za ta iya ɗauka, ki shafa rabi a ciki, ki naɗe, ki yanke baki ɗaya a karkace ki manna shi a gefe ya zama reshe, ki rufe da sauran, ki ja layuka da cokali mai yatsu. Ya kwana a firji, a fito da shi minti 20 kafin a yanka. Ƙaramar tsaga ba abin zubar da hawaye ba ce, cakulan zai rufa mata asiri.

Masu gashi a tukunya da yashi, a gaskiya wannan kek bai dace da ku ba, don faɗinsa ya fi ƙarfin tukunya kuma ƙasansa zai ƙone kafin samansa ya nuna.

Na yi galet ɗin sarakuna, bota ta narke ta malale a tire, kwaɓin bai tashi ba. Kuma almon yana da tsada a nan. Da me zan maye shi? Daga wata mai sana'ar kek a Kano.

'Yar'uwa, zafin kicinki ne ya ci ki. Kwaɓin galet, wato kek ɗin Faransawa mai siffar faifai da ake cusa wa haɗin almon, hawa-hawa ne: ana naɗe bota a cikin kwaɓi, a murza, a ninka gida uku, a maimaita har sau 6. Lissafin ya ba da hawa 729 na bota, kowanne da siririn kwaɓi a tsakani. A cikin wuta ruwan da ke cikinsu ya zama tururi ya ɗaga hawan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa sai botar tana da sanyi, tana lanƙwasuwa amma ba ta naso. Kicin ɗin ƙauyen Faransa a watan Janairu shi kansa ɗakin sanyi ne, shi ya sa abin ke zo musu da sauƙi. A Kano ki bari sai tsakiyar hunturu, ki yi aikin da asuba.

Ma'auni: fulawa giram 250, ruwan ƙanƙara mililita 125, gishiri giram 5, bota giram 200. Ki nemi bota ta gaske mai kashi 82 cikin 100 na maiƙo, wadda ake shafa wa burodi ta roba ruwa ya yi mata yawa. A Faransa bayan kowane ninki biyu ake hutar da kwaɓin minti 30 a firji, ke ki hutar da shi bayan kowane ninki ɗaya. Da kin ga bota ta fara leƙowa, ki tsaya, ki barbaɗa fulawa, ki mayar firji. Kada ki ga kamar gazawa ce in kika sayi murzajjen kwaɓi na kanti. Yawancin gidajen Faransa haka suke yi, ko su sayo galet ɗin gaba ɗaya a gidan burodi.

Abin ciki: bota mai laushi giram 100, sukari giram 100, garin almon giram 100, ƙwai 2. Kashu da aka niƙa shi ya fi kusa da almon a laushi da ɗanɗano. Gyaɗa ma tana yi, a soya ta sama-sama a murje ɓawon, a niƙa ta tare da sukarin a taƙaice don kada ta koma tunkuza, sai dai ƙamshinta zai rinjayi na bota. Kada ki buga haɗin har ya ɗauki iska, zai kumbura ya fasa galet ɗin.

Ki yanka faifai biyu, ki zuba haɗin a tsakiyar ɗaya ki bar santimita 2 a gefe, ki shafa ruwa a gefen, ki rufe ki danne. Ki shafa gwaiduwa a sama kawai. In ta gangaro bakin da aka yanka za ta liƙe hawan, ya ƙi tashi ta wannan ɓangaren. Ki huda ƙaramin rami a tsakiya, ki mayar firji awa ɗaya, sannan wuta: digiri 200 minti 10, a rage zuwa 180 na wasu minti 25 zuwa 30. Galet mai fari-fari ɗanye ne a ciki.

A can, farkon Janairu ake cinsa, don bikin da Kiristoci ke yi ranar 6 ga wata. Ana ɓoye ɗan ƙaramin mutum-mutumin tangaran a ciki, wanda da can ƙwayar wake ce. Autan gida ya shiga ƙarƙashin tebur, a yanka, a riƙa tambayarsa wannan na wa, don kada a yi son kai. Wanda ya tsinci abin ya sa hular sarauta ta takarda. A fadar shugaban ƙasa ta Élysée ma ana kai galet duk shekara, amma ba a sa komai a ciki, wai kada a wayi gari an naɗa sarki a jamhuriya. In za ki sa wani abu a naki, ki tura shi kusa da gefe inda wuƙa ba ta cika bi ba, kuma ki gargaɗi masu saye saboda ƙananan yara da haƙora.

Burodin zuma irin na birnin Dijon na Faransa da na gasa ya ƙone a waje, cikinsa bai nuna ba. Daga wani mai karatu a Garwa.

Zuma ta fi sukari saurin ƙonewa, Malam, don haka wutarka ce ta yi yawa. Zuma giram 250, madara mililita 100, a ɗumama su tare ba tare da sun tafasa ba. Fulawa giram 250, hodar tashin kek ƙaramin ƙunshi ɗaya na giram 11, ƙwai 1, sai cokalin shayi 2 na garin kirfa, citta, kanumfari da gyaɗar ƙamshi a haɗe, kanumfarin ya zama mafi ƙaranci don yana da ɗaci. Digiri 160, minti 50 zuwa awa ɗaya, in saman ya yi duhu da wuri a rufe da takardar alminiyom. Kada a yanka ranar. A naɗe shi ya kwana biyu, sannan zai yi laushi ƙamshin ya ratsa.

Ta yaya mace ɗaya a Faransa ke karɓar mutum goma sha biyu, abinci kala biyar, kuma a ce tana zaune tana hira da su? Daga wata amarya a Zariya.

Amarya, sirrin shi ne kusan komai an gama shi tun kafin baƙi su iso, kuma ba ita kaɗai take yi ba. Maigida ne yakan yanka nama ya kula da itacen murhu, yara su shirya tebur, ɗan'uwa ya zo da cuku, wata ta zo da kek. Zaman teburin shi ne abin da suke ɗauka da muhimmanci, har UNESCO ta sa wannan salon cin abincin nasu cikin al'adun duniya da ake tattali a 2010. Mai gidan da ta ɓace a kicin baƙi suna jiranta, a wurinsu ta rage armashin liyafar komai daɗin girkinta.

Ƙa'idar da za ki ara: abu ɗaya tak ya zama mai bukatar wuta a lokacin cin abinci. Na buɗe ciki ya zama mai sanyi ko miyar da za a ɗumama. Naman romo da aka dafa jiya ya fi na yau daɗi, kuma kitsen ya daskare a sama a kwashe shi cikin sauƙi. Nama marar ƙashi giram 150 zuwa 200 ya ishi mutum ɗaya idan akwai wasu kaloli. Cuku a fito da shi awa ɗaya kafin a ci. Su suna da ɗakin ajiya mai sanyi ko ma bakin taga da ke yi musu aikin firji na biyu. Ke da ba ki da wannan, ki rage kaloli zuwa uku, ki lissafa abin da firjinki zai ɗauka da kuma halin wutar lantarki.

Kayan zaƙi ma ba lallai a gasa su duka ba. A yankin Provence kala 13 ake jerawa daren Kirsimeti, adadin Annabi Isa da almajiransa 12 a fahimtar Kiristoci, amma mafi yawansu busassun abubuwa ne: ɓaure, zabibi, almon, dabino, alewar zuma, lemo, sai burodi guda na man zaitun da ake gutsura da hannu. A kan teburin ake barinsu kwana uku, kowa ya shigo ya ɗiba. A yankin Alsace kuwa tun ƙarshen Nuwamba iyali ke zama gashin ƙananan biskit da suke kira bredele, kamar yadda ake tara cincin kafin Sallah. Mafi sauƙinsu: fulawa giram 250, bota giram 125, sukari giram 100, ƙwai 1. A haɗa ba tare da an luda ba, ya kwana a firji, a murza kaurin milimita 4, a gasa a digiri 170 minti 10 zuwa 12. Sai sun huce sarai a zuba a gwangwanin ƙarfe mai murfi, za su kai mako uku. Kada ki haɗa su gwangwani ɗaya da burodin zuma, danshinsa zai sa su yi laushi cikin kwana biyu.