Kun Tambaya, Mun Amsa: Wane ne Jean Rouch?

Tambaya: Assalamu alaikum. Dattawan garinmu kan ambaci wani Bafaranshe mai ɗaukar fim da ya rasu a hatsarin mota a yankinmu. Don Allah wane ne shi, kuma me ya haɗa shi da Nijar? Daga wani mai karatu a Birnin Ƙonni.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Mutumin da dattawanku ke nufi shi ne Jean Rouch, wanda aka haifa a birnin Paris a 1917, ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu, 2004, yana da shekara 86, aka kuma binne shi a Yamai. Ya bar finafinai fiye da 100, mafi yawansu kan rayuwar mutane ta zahiri, musamman Zabarmawa da Sarkawa na bakin kogin Kwara.

Asalinsa injiniya ne, kuma aikin gina hanyoyi ne ya kawo shi Yamai a 1941. A nan ya haɗu da Damouré Zika, ɗan Sarkawa, wanda ya gabatar da shi ga masu bori, suka kuma yi abota har ƙarshen rayuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi da abokansa biyu suka bi kogin Kwara a kwalekwale tsakanin 1946 da 1947, kuma a wannan tafiya ya rasa ƙafafun da ake ɗora kyamara a kai. Dole ta sa ya koma riƙe ta a hannu yana bin mutane duk inda suka nufa, salon da daga baya matasan daraktocin Faransa suka ɗauka.

A ganinmu, babban abin da ya bambanta shi da sauran Turawan zamaninsa shi ne yadda yake mayar da fim ga mutanen da ya ɗauka. A 1954 ya haska wa masuntan garin Ayorou na Nijar fim ɗinsa na farautar dorina, sai suka ƙi amincewa da kiɗan da ya sa a ciki, suka ce dorina na da kaifin ji, kuma ba a kiɗa a lokacin farautarta domin za ta gudu. Rouch ya karɓi gyaran. Daga nan ya riƙa sa abokansa, irin su Damouré da Lam Ibrahim Dia, su tsara labari tare da shi, su kuma yi bayani da bakinsu, kamar yadda aka gani a fim ɗin Jaguar, labarin samarin Nijar 'yan ci-rani a ƙasar Ghana.

Amma ba kowa ya yaba masa ba. Fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955, wanda ya ɗauka a kewayen Akra, ya nuna 'yan wani nau'in bori da ake kira Hauka suna kwaikwayon gwamna da hafsoshin mulkin mallaka, bakinsu na kumfa, har suna yanka kare su ci. Hukumomin Ingila sun hana nuna shi, 'yan bokon Afirka kuma suka ce ya zubar musu da mutunci. Shahararren daraktan Senegal, Ousmane Sembène, ya taɓa faɗa masa ido da ido cewa yana kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Zargin yana da tushe, domin komai kusancinsa da jama'a, kyamarar tana hannunsa, kuma masu kallo na farko Turawa ne.

Duk da haka, sinimar Nijar ta amfana da shi. Oumarou Ganda, wanda Rouch ya tsinta yana aikin dako a Abijan ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, ya zama darakta da kansa, har ya lashe babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972. Haka kuma Rouch ya tallafa wa wani daraktan Nijar, Moustapha Alassane, a farkon aikinsa. Cibiyar al'adu ta Yamai da ta daɗe tana ɗauke da sunan Rouch, a 2024 gwamnatin Nijar ta sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane.