Alobera tana ruɓewa daga gindi: ko za ta tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na dasa alobera a bokitin fenti, na ajiye ta a falo, kullum da safe ina zuba mata ruwa kofi guda. Tun shigowar Agusta ganyen ƙasa suka yi laushi, suka koma ruwan ɗorawa, gindin yana lotsewa har da wari. Me zan yi? Daga wata uwargida a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ruwa ne ya yi mata yawa. Alobera shukar busasshiyar ƙasa ce, asalinta yankin Larabawa, kuma kaurin ganyen nan rumbunta ne na ruwa. Idan ƙasa ta wuni ta kwana a jiƙe, saiwa ba ta samun iska, sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, ruɓar ta hauro gindi. Ga shi Agusta tsakiyar damina ce a Zariya, iska cike da laima, bokitin roba kuma ba ya tsotse ruwa.

Yau ɗin nan ki kifa bokitin ki zaro ta, ki kakkaɓe ƙasar duka. Lafiyayyar saiwa tana da ƙwari a hannu. Ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce mai yauƙi, kina ja ɓawonta zai saɓule. Ki goge wuƙa ko sabuwar reza da sifirit, ki yanke duk abin da ya yi baƙi har ki isa nama mai tsabta. Kada ki ji tausayinta a nan, ɗan abin da kika rage shi zai sake cinye ta. Ki barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, ki shanya ta a inuwa mai iska kwana 3 zuwa 5 har bakin ya bushe ya yi ɓawo. Idan kin tarar ruɓar ta kai tsakiya inda sabon ganye ke fitowa, uwar ta tafi, sai ki ɓalle 'ya'yan da ke gefenta da ɗan saiwarsu ki dasa. Masu yanko ganye ɗaya su binne suna wahalar banza, galibi ruɓewa yake yi.

Ki samo tukunyar ƙasa, a huda mata gindi kamar faɗin ɗan yatsa. Ki haɗa yashi mai tsakuwa kwano 2, ƙasar lambu kwano 1, da gawayin da aka farfasa ƙanana rabin kwano. Jar ƙasar gini da laka ba su da wuri a nan, don suna riƙe ruwa, in sun bushe kuma su daskare. Ki binne saiwa kawai, gindin ganye ya zauna a saman ƙasa, sannan ki bar ta mako guda cur ba ruwa.

Daga nan ƙasar ce za ta gaya miki lokacin ban ruwa. Ki soka tsinken tsire har ƙasan tukunya. In ya fito da danshi, ki jira. In ya fito a bushe, ki zuba ruwa a kan ƙasa, ba cikin tsakiyar ganye ba, har ya ɗigo ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar. A zafin Maris da Afrilu abin yakan kama kwana 7 zuwa 10, da damina da hunturu kuwa mako 2 zuwa 3. Sanyin Zariya ba ya kashe ta, sai dai ƙurar hunturu da za ki riƙa sharewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Lungun falo ya yi mata duhu. Ki mai da ita bakin taga ko baranda mai samun hantsi, inda ruwan sama ba ya dukanta. A hankali za ki saba mata da rana, don wadda ta daɗe a ɗaki ganyenta kan ƙone ya yi ja-ja in an fitar da ita gaba ɗaya. Kada ki sa taki sai kin ga sabon ganye ya leƙo daga tsakiya.