Amsa kan buɗe mahaɗa da takardu a sabuwar taga

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ya dace ka sa kowace mahaɗa da kowace takardar PDF da ke shafin makarantarku ta riƙa buɗewa a sabuwar taga, domin kada mai ziyara ya fice daga shafin. Ni ma haka na yi ta yi shekara da shekaru ina gina shafuka a nan Birnin Kebbi, har ranar da na zauna kusa da wani abokina makaho yana duba sanarwa a shafin da na haɗa da hannuna.

Da NVDA yake aiki, manhajar nan ta kyauta da ke karanta wa mutum abin da ke kan allon kwamfuta. Ya latsa mahaɗar sharuɗɗa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya danna Alt da kibiyar hagu domin ya koma inda ya fito, amma shiru kake ji. Ya sake dannawa har sau uku, daga nan ya ɗauka kwamfutar ce ta maƙale, ya ce in kashe masa ita in kunna. Alhali sabuwar taga ce ba ta da tarihin shafin da ya baro, saboda haka babu bayan da za a koma. Ni ina kallon tagogi biyu a saman allo, shi kuwa ba a ce masa komai ba kafin a canja masa wuri. Haka abin yake ga mai raunin gani da ya ƙara girman rubutu har saman burauzar ya ɓace masa.

Ƙa'idojin WCAG, wato na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, waɗanda bugunsu na 2.0 ya fito a 2008, na 2.2 kuma a 2023, ba su haramta sabuwar taga ba. Sharaɗi na 3.2.5 cewa ya yi kada a sauya wa mutum inda yake sai da buƙatarsa, kuma a mataki mafi tsauri na AAA aka ajiye shi. A ganina hujjar a fili take: wanda ke son sabuwar taga zai riƙe Ctrl ya latsa, ko ya danne mahaɗar da yatsa a waya, amma idan ka tilasta masa ka ƙwace masa zaɓin.

Inda nake yarda da ita shi ne lokacin cike fom, misali uba ya kai rabin rajistar ɗansa yana son duba jadawalin kuɗin makaranta, kada abin da ya rubuta ya goge. A nan ma sai ka rubuta a cikin mahaɗar kanta cewa tana buɗewa a sabuwar taga, domin ƴar alamar kibiya marar bayani ba ta gaya wa makaho komai.

Batun PDF kuwa, ka faɗi nau'in takardar da nauyinta, saboda mai dubawa daga ƙauyukan Zuru ko Yauri yana lissafin datarsa. Idan kuma hoton takardar aka ɗauka aka mayar PDF, manhajar karanta allo ba za ta samu harafi ko ɗaya ta karanta ba, gara ka buga sanarwar a shafin kai tsaye.

Ka bi mahaɗan ka cire target="_blank", wato umarnin da ke sa mahaɗa ta buɗe a sabuwar taga, in ban da na fom ɗin rajista, sannan ka kunna TalkBack, manhajar karanta allo ta wayar Android, a wayarka, ka rufe ido ka nemo jadawalin jarrabawa.