Gonata Ta Zama Fako: Wa Zai Koya Mini Farfaɗo da Ita?

Tambaya: Malam, na gaji wata ƙaramar gona da ta zama fako, kuma burina shi ne in ciyar da iyalina daga gare ta. Shin abin da ƙananan manoma suka sani zai wadatar da ni, ko sai na nemi malamin gona?
Daga wani mai karatu a Daura

Amsa: Malam, a ganina ka fara da manoma 'yan'uwanka, domin dabarar da ta fi dacewa da matsalarka daga hannunsu ta fito. A shekarar 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka ziyarci yankin Yatenga na Burkina Faso, inda marigayi Yacouba Sawadogo ya yi fice wajen farfaɗo da matacciyar ƙasa, suka dawo da dabarar da ake kira tassa, sannan maƙwabta suka yi ta kwaikwayo.

Ana haƙa ramuka tun da rani, faɗin kowanne kamar santimita 20 zuwa 30, a tara ƙasar da aka tono ta ɓangaren gangare domin ta tare ruwa, a zuba takin gargajiya. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar nitsewa, sai a shuka gero ko dawa a ciki. Aikin yana da wahala, shi ya sa gayya take da amfani a nan.

Malamin gona kuwa, ka neme shi idan cuta ko ƙwari suka ɓulla.