Amsa kan gwajin Army Alpha da auna basirar harshe

Malam, ka tambaya ko gwajin Army Alpha da ka samu a intanet zai iya auna basirarka ta fannin harshe. A ganina ba zai ba ka sakamakon da za ka dogara da shi ba.

An tsara gwajin ne a shekarar 1917, lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙarƙashin jagorancin masanin halayyar ɗan Adam Robert Yerkes, domin rundunar soja ta tantance sababbin kurata cikin gaggawa, ta san wanda ya dace da horon hafsa. Yana da sassa 8, ciki har da kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyinsu, jimlolin da aka hargitsa, lissafi da tambayoyin sanin yau da kullum. Waɗanda ba su iya karatu ko Turanci ba kuwa, Army Beta mai hotuna aka ba su.

Matsalar tana cikin tambayoyin kansu, domin da yawa suna buƙatar sanin kayan kasuwa da 'yan wasan Amurka na wancan zamani, kamar tambayar ko mene ne Crisco. Wanda bai taɓa ganin wannan man girki ba zai faɗi, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Carl Brigham, ya dogara da sakamakon gwajin a 1923 wajen fifita wasu jinsuna a kan wasu, amma a 1930 ya janye wannan matsayi da kansa. Haka kuma, makin da za ka samu za a kwatanta shi ne da na sojojin da suka rayu fiye da ƙarni guda da ya wuce.