Dawowa Jos daga aikin bishara da juna biyu

'Yar'uwa, kin ce ke da maigida kuna shirin dawowa Jos daga aikin bishara a ƙasar waje, ga ciki wata bakwai, ta ina za ki fara?

Ki fara da tikiti. Yawancin kamfanonin jirgi ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, kuma daga mako 28 sukan nemi takardar likita. Katin awonki da sakamakon hoton ciki su zauna a jakar hannu. Kina isowa ki yi rajistar awo a asibitin Jankwano ko JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos.

Kada sanyin Jos ya sa ki raina zazzaɓin cizon sauro. Ki kwana cikin gidan sauro, maganin rigakafi kuma sai wanda likita ya rubuta. Zagayen ikilisiyoyi don ba da rahoto kuwa, don Allah ki bar wa maigida, ki huta.