Hukuncin korar agwagi daga ƙoton da ke yawo a saman ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai fatsa ne, ina kamun kifi a wani tafki da ke bayan garinmu a yankin Haɗejiya. Nakan sa guntun burodi ko fara a ƙugiya in bar shi yana yawo a saman ruwa, domin tarwaɗa da ƙarfasa sukan taso su ɗauka. Damuwata ita ce agwagin mutanen gari, waɗanda da zarar sun hango ƙoton sai su yo kansa su cinye, su kuma kori kifin. Abokan sana'ata suna harbinsu da danƙo, ni ma na taɓa jifar wata har ta yi ɗingishi. Shin ya halatta in kore su, kuma da me? In wata ta haɗiye ƙugiyata, mene ne a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, ɗan'uwa, Ya kuma saka maka da alheri da ka damu da halin tsuntsun da mutane da yawa ba sa ɗauka a bakin komai.

Kamun kifi halal ne da nassin aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, inda Allah Ya halatta mana farautar ruwa da abincinsa, kuma wanda yake neman abincin iyalinsa ta wannan hanya yana da haƙƙin kare ƙotonsa daga duk abin da zai ɓata masa aiki. Saboda haka korar agwagin a kan kanta babu laifi a cikinta. Abin da shari'a take dubawa shi ne da me aka yi korar, kuma ƙa'idar malamai a wajen tunkuɗe ɓarna ita ce a fara da hanya mafi sauƙi, ba a tsallaka zuwa wadda ta fi ta tsanani matuƙar ta farkon tana biyan buƙata.

Hanyoyi masu sauƙi kuwa suna da yawa, kai ma ka fi ni saninsu. Agwagwa tana gudun tafi da tsawa da ɗaga gora ko hula, kuma in ka watsa mata 'yar dusa ko tsaba a can wani gefen tafkin, nesa da inda ka jefa ƙugiya, za ta shagala da ita ta ba ka lokaci. Kana iya sauya lokacin fitarka zuwa asuba kafin a saki agwagin, ko bayan magariba idan sun koma gida, musamman da yake tarwaɗa ta fi yin kiwo da duhu. Kana iya jefa ƙoton a ɗan sarari tsakanin ganyen bado inda ba a saurin hango shi, ko ka ɗaura ɗan abu mai nauyi ya nutsar da shi kamu ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ruwa a ranar da suka matsa maka. Abin da nake ganin wajibi ne a kanka shi ne ka janye ƙugiyar daga ruwa da zarar ka ga agwagwa ta nufo ta. Dalili kuwa shi ne kai ne ka ɓoye ƙarfe mai kaifi a cikin abinci a wurin da ka san tsuntsaye suna kiwo, ita kuma ba ta da hankalin da za ta bambance burodin da ke da ƙugiya da wanda babu, don haka nauyin kiyayewa yana kan mai hankali.

Amma harbi da danƙo da jifa da dutse don a same su, wannan bai halatta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana harbi da tsakuwa, ya kuma bayyana cewa ba ta kama abin farauta, ba ta illata abokin gaba, sai dai ta karya haƙori ta tsiyaye ido. Abin da danƙo yake yi wa agwagwa ke nan daidai: ya karya mata fiffike ko ƙafa ya bar ta tana jan jiki kwana da kwanaki. A hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito an ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har a wajen yanka, to in dabbar da aka halatta yankawa ma an umarce mu da mu hutar da ita, ina ga wadda babu abin da ta yi illa neman abincinta. Jefa hoge a cikin ruwa nesa da su domin ƙarar ta razana su, wannan babu laifi, da sharaɗin ba su ake auna ba. Sanya guba a ƙoto kuwa, kamar yadda wasu suke yi da maganin ƙwari irin gamalin, ya fi duk wannan muni, domin yana kashe tsuntsu da kifi, yana gurɓata ruwan da mutane da dabbobi suke sha, kuma dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta Najeriya ta shekarar 1992 ta hana amfani da guba a ruwa.

Akwai kuma haƙƙin masu agwagin, wanda shi ne abokan sana'arka suke mantawa. Waɗannan tsuntsaye dukiyar mutane ce, sau da yawa ma ta mata da yara ne waɗanda da ita suke rufa wa kansu asiri. Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa taguwar Barra'u ɗan Azib ta shiga wani lambu ta yi ɓarna, sai Manzon Allah ya hukunta cewa tsaron lambuna da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu dabbobin ne za su biya. A kan wannan Ibn Abi Zaid ya tafi a cikin Risala. In mai gona, wanda ƙasar mallakarsa ce, shi aka ɗora wa tsaro da rana, to mai fatsa a tafkin da kowa yake da haƙƙi a cikinsa ya fi cancantar ya tsare ƙotonsa da kansa. Ba ka bin mai agwagwa bashin burodin da ta cinye, kuma ba ka da ikon ramawa a jikinta. In abin ya yi yawa, ka same shi ku yi magana, ko ku kai wa mai unguwa ko sarkin ruwa ya raba muku lokaci ko gefen tafki.

Game da wadda ka jefa har ta yi ɗingishi, ka nemi gafarar Allah, sannan ka nemi mai ita ka gaya masa. In ta warke sarai ba tare da aibi ba, neman afuwa ya wadatar. In kuwa darajarta ta ragu ko ta mutu, sai ka biya abin da ta ragu ko kuɗinta gaba ɗaya, sai fa in ya yafe. Malamai sun ce ganganci da kuskure ɗaya suke a wajen biyan dukiyar mutane, bambancinsu a zunubi ne kawai.

Idan wata ta haɗiye ƙugiya, kada ka fizge, kada kuma ka yanke zaren daga nesa ka bar ta ta tafi da shi, domin zaren roba ba ya ruɓewa da wuri, yakan naɗe ƙafa ko wuya ya kashe ta a hankali. Ka jawo ta sannu, ka rufe mata kai da riga don ta natsu, ka cire ƙugiyar in tana baki. In ta shige ciki kuma ka ga alamar mutuwa, mai ita ba ya kusa, to ka yanka ta da sunan Allah ka kai masa namansa, kada ka bari ta zama mushe. Hujjar wannan ita ce hadisin kuyangar Ka'abu ɗan Malik da ke cikin Bukhari, wadda ta ga wata tunkiya tana shirin mutuwa ta fasa dutse ta yanka ta, Manzon Allah kuma ya yi umarni a ci. In ka yi sakaci wajen janye ƙugiyar alhali kana gani, ko ka shimfiɗa ƙugiyoyi da ƙoto a saman ruwa ka tafi gida da rana tsaka a inda ka san agwagi suna kiwo, to biyan abin da ta ragu yana kanka.

In ta mutu a ƙugiya kafin a yanka ta, ba a cin ta. Zamanta a ruwa bai mayar da ita kifi ba. Tsuntsu ce mai jini da ke rayuwa a tudu, sai da yanka take halatta. Haka wadda dutsen danƙo ya kashe, ta shiga cikin wadda aka buge ta mutu da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta.

Tunda a yankin Haɗejiya kake, za ka kuma ci karo da agwagin daji, irin su kirinjijiya da dinya da baƙin da suke zuwa daga Turai lokacin hunturu su sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru. Waɗannan ba su da mai su, don haka babu maganar biya, amma hanin azabtarwa yana nan yadda yake a kansu. Farautarsu don ci halal ce a asali, sai dai a wuraren da hukuma ta keɓe ta hana, kamar matattarar tsuntsaye ta Dagona a jihar Yobe, inda bin wannan hani ya zama dole domin maslaha ce ta jama'a. In ɗaya daga cikinsu ta faɗa ƙugiyarka a wajen irin waɗannan wurare ka same ta da rai, kana da zaɓi: ka cire mata ka sake ta, ko ka yanka ka ci.

Allah ne Mafi sani.